Shekarar da Dawa Ta Yi Azumi

Bana ruwa ya ɗauke mana a Gusau kusan mako uku, ana tsakiyar damina. Ni kuwa ba na iya zama babu ɗan abin da zan leƙa, shi ya sa nake da dawa layi biyu a bayan gidan ɗana, tsakanin tankin ruwa da katanga. Ba don ci ba, don kallo. Da rana ta matsa sai ganyen ya nannaɗe, ya yi tsini, ya koma toka-toka. Maryam matar ɗana ta fito shanya ta gani, ta ce, "Hajiya, dawarki fa ta mutu. In tumɓuke miki mu zuba kuɓewa?"

Na ce, "Bar min abata. Azumi take."

Ta yi dariya har zanen da ke hannunta ya faɗi ƙasa. Ban ga laifinta ba, a gari ta tashi. Da 'yata Sa'adatu ta zo ƙarshen mako, Maryam ta ba ta labari don su yi min tsiya tare. Sa'adatu malamar gona ce, can wajen Tsafe take aiki. Maimakon ta yi dariya sai ta ce ai gaskiyata. Wai saiwa idan ta ji ƙasa ta bushe, tana tura wani sinadari sama zuwa ga ganye. Su a makaranta homon suke ce masa. Ni da na gama saurara na ce ashe ɗan aike ne. Ganye yana da wasu 'yan bakuna da ido ba ya gani, ta nan yake numfashi, ta nan kuma ruwan jikinsa ke fita. Saƙon na isowa sai ya rufe su, tsayi ya dakata, ƙarfin ya koma ƙasa wajen neman laima.

Na ce mata, "Ai kina bayana aka yi wannan karatun. Ke ce ma kika fi kowa ihu."

A lokacin muna wani ƙauye kusa da Rawayya, inda aka kawo ni aure daga Bilbis. Gidanmu shi ne na ƙarshe a gari. Ni, da Malam maigidana, da yara biyu da goyon Sa'adatu, sai mahaifiyarsa, Inna, wadda yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai haske da duhu. Ni mutum ce mai son gida, wannan kowa ya sani. Ko biki ake, ni ce ta ƙarshen zuwa, ni ce ta farkon tashi. Ɗakina da hannuna na yi masa daɓe, na jera kwanukana, na san inda rana ke sauka a kan gado kowane lokaci na shekara.

Gona biyu Malam ke da ita. Ta tudu a jikin dangar gidan take, bayan ɗakina. In na miƙa hannu ta kafar zana ina taɓa ganye. Ta kwari kuwa tana can wajen rafi, tafiya ce mai ɗan nisa. Duka biyun dawa ya shuka, da ɗan gero a gefen ta tudu.

Damina ta fara da kyau, har ta so ta yi yawa. Shuka na fitowa aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya kwanta a kwari kwana uku, ya shanye tsiron gaba ɗaya. Malam ya cire rai, amma da ruwan ya janye sai ga shi ya miƙe. Aka yi noman farko, aka shiga maimai, dawa ta kai gwiwa. Daga nan sama ta kulle.

Wanda bai ga fari a tsakiyar damina ba, ba zai gane ba. Ba irin zafin bazara ba ne da ka san lokacinsa ne. Kullum da la'asar hadari zai haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso, har ka ji ƙamshin ƙasa daga wani gari. Mu kwashe shanya a guje, mu jera tukwane a bakin indararo. Sai ka ga ya yage biyu, rabi ya yi kudu rabi ya yi arewa, ya bar mu da tukwane a bushe. Maza suka fita roƙon ruwa, suka sake fita. Rijiyar gari ta ja baya, guga ya koma fito da rabin ruwa rabin laka, sai an bar shi ya kwanta kafin a sha. Gero ya ƙone, kan da ya fitar bai wuce ɗan yatsa ba.

A gida kuwa, tuwo ya koma sau ɗaya. Da safe kunu ne tsararo, wanda kana ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Da rana tafasa: a tsinko, a dafa, a matse, a murza ɗan ƙuli-ƙuli a kai. Dusar da a da nake ba awaki na koma tankaɗe ta ina ƙarawa a gari. Nono ya ragu, Sa'adatu ta kama ta tsotsa ta saki ta tsala ihu. Har yau in na ji warin dafaffiyar tafasa sai bayana ya yi nauyi kamar ina goye da ita.

Wata rana bayan la'asar Malam ya sauko daga rumbu, ya zauna a kan turmi, abin da ba ya yi.

"Kulu," ya ce, "abin da ya rage ba shi kai mu nesa. Na aika ma yayanki Sani. In anka yanke dawa shi zo, in ba ta kai ba shi tahi da ke da yara Bilbis. Inna ta koma wurin ƙanena a Bungudu, ni in nuhi kudu neman abin yi."

"Gidan fa?"

"A sa ƙaya a ƙofa."

Na san gidajen da aka sa wa ƙaya a ƙofa. Damina ɗaya gara take cinye jinka, ta biyu bango ya zauna, masu gidan kuma in an tambaya sai a ce suna can. Na shiga ɗaki na yi ta goge kwanon da ba shi da datti.

Ran Malam duk yana kan gonar kwari. Ita fa abin kallo ce a shekarar nan. Ko'ina ya yi fari fat, ita tana kore shar, kowane gindi ya fitar da 'ya'ya bakwai takwas, ta yi cunkus kamar gamba. Mutane har tsayawa suke suna ce masa, "Malam, a ba mu asirin mana." Yana fitowa masallaci da asuba can yake wucewa, ya yi ta korar awaki yana tsintar ciyawa, ba ya dawowa sai azahar. A lokacin ne yake ratsowa ta gonar tudu, rana na tsaka, ya tarar da ita a nannaɗe kamar an ƙona. Sai ya yanke shawara: ta tudu ta mutu, zai sare ta ya share wuri, ruwa na sauka ya zuba wake.

To ni Allah bai ba ni karatu mai yawa ba, amma ya ba ni kunne. Ina cikin ɗaki nake gane wanda ya shigo zaure daga jan takalminsa. Gonar nan kuma a bayan kaina take kwana. Da rana in iska ta bi ta cikinta, ƙayas-ƙayas take yi, kamar ana jan busasshiyar tsintsiya a kan tabarma. Amma da sassafe, in na fito ɗora kunu, sai in ji muryarta ta sake, ta yi laushi, kamar ana kaɗa jiƙaƙƙen zane. Geron da ke gefe, wanda ya mutu da gaske, shi ƙararsa ɗaya ce safe da rana. Na leƙa ta kafar zana, na ga ganyen dawar ya ɗan buɗe, har da raɓa a kwance a tsakiyarsa. Kafin hantsi ya sake naɗewa.

Na gaya wa Malam lokacin da nake zuba masa ruwan alwala. Ya dube ni, ya yi ɗan murmushin gajiya, ya ce, "Kulu, yaushe anka fara noma da kunne?"

Sai na nufi Inna. Tana bakin ƙofarta tana kaɗi, don hannunta bai manta abin da ido ya bari ba.

"Ɗiyar Bilbis," ta ce, haka take kirana, "kin tabbata ba tsoron komawa gidanku ne ya sa ki jin abin da babu ba? Ko tuwon can ne ba daɗi?"

"Wallahi Inna na ji, kuma na gani."

"To ki tsinko min ganye ɗaya da sahe, ɗaya da azahar. Gindi guda, kar ki yi min wayo."

Na kawo mata. Ta shafa na safe, ta shafa na rana, ta warware shi a kan cinyarta, ta kai hanci. Ta ajiye su gefe, ta ci gaba da kaɗinta. Na koma ina jin haushi, na ce tsohuwar nan ta sa ni wahalar banza.

Kashegari da hantsi ina tankaɗe sai na ji kaf, kaf, kaf a bayan ɗaki. Malam ne da magirbi. Na watsar da rariya na ruga.

"Inna, ya fara!"

"Na ji, ba ke kaɗai ke da kunne ba. Kama hannuna."

Muka ɗaga zana muka fita, ni da ban taɓa taka gonar nan da rana ba, ga goyo a baya, ga tsohuwa a hannu. Ƙasa ta yi zafin da sai da na riƙa ɗaga ƙafa. Ya riga ya kwantar da kunya uku. Inna ta lalubi ta huɗu ta zauna daram a tsakiyarta, ta miƙe ƙafafu.

"Inna, mi ne haka? Rana za ta yi miki illa."

"Ci gaba da aikinka. In ka iso nan ka haɗa da ni."

"Inna, matacciya ce. Dubi... taɓa ki ji."

"Na taɓa. Wagga dawa ba mutuwa ta yi ba, azumi take."

"Azumi? Kwana nawa yau babu buɗa-baki?"

"Kai in kana azumi, da azahar kamannin mai rai gare ka? Leɓe a bushe, ido ya faɗa, in anka yi maka magana sai faɗa. Wa ya taɓa gina maka kabari?"

Dariya ta kuɓuce min, na toshe baki da gefen mayafi. Sa'adatu ta ɗauka da ihu. Malam ya tsaya da magirbi a hannu, gumi na ɗiga daga gemunsa, ya rasa wadda zai yi wa faɗa a cikinmu.

Inna ta ce, "Kullum da rana kake gaishe ta. Gobe in ka hito masallaci kar ka wuce kwari, ka zo nan tukuna."

Ya zo. Ina jin sa ta bayan zana yana bin kunya-kunya a hankali. Ya zaro zuciyar wani gindi, ya matsa da farce, ruwa ya fito. Ya daɗe a tsaye. Da ya shigo bai kalle ni ba, Inna ya gaya wa: "Na ba ta Juma'a biyu."

Juma'a ta farko ta wuce. Ta biyu ta zo, hadari ya haɗu har kaji suka shige akurki, ya watse. Ganyen ƙasa ya bushe da gaske, yana karyewa. Ni kaina muryar safen nan na ji tana raguwa, sai na kasa kunne sosai nake jin ta. Na je na raɗa wa Inna cewa ina tsoron na sa mutum ya yi asarar lokacin wake a banza. Ta ce, "Rufe bakinki kamar yadda ita ta rufe nata. Ki ƙara mishi gishiri a kwaɗo."

Ranar Asabar na ji yana wasa magirbi a kan dutse. Ya fita, ya tsaya a bakin gona. Na tsaya da muciya a hannu ina jiran kaf ɗin farko. Shiru. Can sai ga shi ya dawo, ya jingine magirbin, ya ce wai ƙotar ta yi sako-sako, sai an gyara. Da ya fita na ɗaga na girgiza ta. Ko motsi ba ta yi.

Litinin da la'asar ruwa ya sauka. Wannan karon ko tukwane ban jera ba, don na gaji da jerawa. Ina cikin ɗaki na ji ɗigo ɗaya a kan kwanon da na kife a waje, tas, sai na biyu, sai gaba ɗaya. Ƙasa ta yi ta shan ruwa tana huci kamar an zuba a kan murhu. Yara suka fita tsirara, ni ma na tsaya a tsakar gida da goyo har zanena ya manne a jiki. Inna ta miƙo hannu daga ƙofa tana tarar ruwa tana shafawa a fuska. Bayan kwana uku wanda ya ga gonar tudu ba zai yarda ita ce ba. Ta buɗe, ta yi kore har da duhu-duhu, ta ci gaba daga inda ta tsaya kamar ba a yi komai ba.

Ta kwari kuwa ta yi ta tsayi, ta wuce kan mutum, ta yi ciki. Malam yana lissafin kwanakin da za ta fitar da kai. Wata rana sai ga shi ya shigo da hantsi, ba lokacin dawowarsa ba, da wani abu a naɗe cikin riga. Ya ajiye a gaban Inna. Kan dawa ne, amma babu ƙwaya ko ɗaya. Inda zangarniya za ta fito, ganye ne ƙanana suka fito a cukurkuɗe, a murɗe, kamar kan da ya shekara bai ga mataji ba. Ya ce kusan duk inda ruwa ya kwanta haka take.

Inna ta shafa ta jima. Ta ce, "Ta haukace. Na taɓa jin irinta a hannuna ina yarinya."

A gari aka yi ta magana. Wasu suka ce baki ne, don an cika yaba ta. Wasu suka ce sammu. Sai bana, da na kwatanta wa Sa'adatu, ta ce ta san cutar. Wai wani abu ne dangin funfuna, yana bin ruwan da ya kwanta ya shiga jikin tsiro tun yana ƙarami, ya zauna a ciki ba a gani. Shi ba ya kashe ta, saƙonnin jikinta yake rikitawa. Inda ya kamata a ce mata ta tsaya da 'ya'ya haka, sai ta yi ta fitarwa. Lokacin da za a ce ta yi kai, sai a ce ta ƙara ganye. Na ce wato ɗan aiken ƙarya ya shiga tsakani. Ta ce in an bi ta tawa, haka ne. Korewar da muke yabo tun farko, rabinta laimar kwari ce, rabinta ciwo.

Malam ya yi kwana biyu ko tuwon kirki bai ci ba. Ya sare ta ya tara ya cinna wuta. Yanzu ba abin da ya rage tsakaninmu da ƙaya a ƙofa sai gonar da ya so sarewa, ita ma babu kunya uku.

Ba ta yi tsayi ba, iyakarta kafaɗarsa. Kan ma ƙanana ne, amma a cike, in ka kama sai ka ji nauyi. Da tsuntsaye suka gano ta, ya ɗaura min igiya daga tsakiyar gona zuwa dangar ɗakina, da gwangwanaye a rataye. Ina daka ina ja, ina shayarwa ina ja, har Inna ta karɓi aikin ta ɗaura igiyar a babban yatsan ƙafarta. Ruwan ƙarshe ya zo ya wuce, raɓa ta ƙarasa nunar da ita. Aka girbe, aka yanke, maƙwabta suka taya ɗaurin dami, aka loda a rumbu. Ya ɗan haura rabi.

Ya kai ko bai kai ba? Malam bai ce ba, ni kuma na ji tsoron tambaya. Da yanzu ne da ake da waya, da an kira Bilbis a ce zo ko kar ka zo. A lokacin saƙon da ya tafi ya tafi.

Yaya Sani ya iso wata Laraba a kan keke, da buhu biyu a naɗe a baya don zuba kayana. Ya rame har sai da na sake dubansa. Aka gaisa, ya ɗaga Sa'adatu sama, ya ce, "To Kulu, ina kayan? Iya ta share miki ɗaki tun wancan mako."

Na ce ya ci abinci tukuna. Na tuƙa masa tuwon sabuwar dawa da miyar kuɓewa. Yadda ya ci tuwon nan, kansa a ƙasa, ba magana, har ya sa yatsa ya share kwano, shi ya fara gaya min halin da ake ciki a gidanmu.

Malam ya ja shi wajen rumbu, ya kafa masa tsani. Ni ina bayan ɗakin girki, hannuna a cikin ruwan wanke-wanke, ban motsa ba.

Sani ya leƙa ya daɗe. Ya ce, "Wanga shina kai ku?"

"In an haɗa da tafasa, an rage hannu, shina kai mu sabon gero in Allah ya so. Ba inda za su."

Na ji Sani ya sauke numfashi. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Malam, ban ɓoye maka ba, ina tahe ina tunanin abin da za mu ba su. Mu can ko irin shuka ba mu fitar ba. Kunya ce ta hana mu aiko maka."

Malam ya kama tsanin. Ya hau da kansa, ya riƙa zaɓo zangarniya masu nauyi yana miƙo masa. Buhun da aka kawo don kwanukana, shi aka cika da iri. Da la'asar na raka Sani bakin zaure, na tsaya ina kallon keken yana tangaɗi da kaya har ya sha kwana.

Da na koma ciki na ɗebo jar ƙasa a bayan rumbu, na zuba ruwa da yankakkiyar ciyawa, na tattare zane na shiga cuɗawa da ƙafa.

Inna ta ɗago kai daga kaɗinta. "Ɗiyar Bilbis, mi kike kwaɓawa?"

"Ƙasa ce, Inna. Bangon ɗakina ya tsage tun ruwan nan, ban yaɓe ba."

"To ki yi shi da kauri," ta ce. "Za ki daɗe nan."